Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masana Lafiyar Murya: Kafin a Ɗora Na'urar Jijjiga a Wuyan Yaro

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyoyin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da ƙwararrun gyaran magana da murya, da likitocin gashin ƙashi, da hukumomin da ke ba na'urorin lafiya izinin shiga kasuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa a matsayina na uwa kuma malamar firamare, da yawun iyaye iri biyu waɗanda damuwa ɗaya ta haɗa mu. Kashi na farko su ne iyayen yaran da muryarsu ta dishe ta ƙi washewa. Kashi na biyu su ne iyayen yaran da likitoci suka ɗora a kan magani ta hanyar na'urar jijjiga saboda wata lalura ta daban, ta huhu ko ta gaɓoɓi, waɗanda suke tambaya ko wannan jijjigar ta kullum tana taɓa muryar 'ya'yansu, amma ba su samu wanda ya tsaya ya amsa musu ba. Ba mu zo koya muku aikinku ba, domin a hannunku muka ga sauƙin 'ya'yanmu. Mun zo ne mu kai ƙarar shirun da kuka yi a kan wani al'amari da ya riga ya shiga ɗakunanmu.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne yadda ƙananan na'urori masu jijjiga suka cika intanet, ana tallarsu a matsayin maganin gajiyar murya da dishewarta, ana nuna mawaƙa da masu jawabi suna goga su a wuya, sannan a ce kowa na iya amfani da su. Wannan kalma ta "kowa" ita ce ta jefa ni cikin kuskure. Ɗana yana da shekara 7 lokacin da muryarsa ta dishe, kuma na ɗauka mura ce har aka shafe makonni. Wata mai fatan alheri ta ara mini na'urarta, na riƙa ɗora masa a gaban wuya safe da yamma. Yakan ce maƙogwaronsa ya yi sakayau, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin alamar waraka, alhali kafin a tashi daga makaranta muryar ta koma yadda take. Sai da muka yi kusan wata uku a haka kafin na kai shi wurin likitan maƙogwaro, wanda ya leƙa da siririn bututu mai kyamara ya ga kanta guda biyu, irin kantar da aiki ke fitarwa a tafin hannu, a tantanin muryarsa, wato naman nan biyu da ke kaɗawa suna karo da juna a maƙogwaro su fitar da murya. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni wa ya ce in yi haka, kuma ban samu amsar da ta wuce "a talla na gani" ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce rashin wata sanarwa bayyananna daga gare ku wadda uwa irina za ta iya karantawa ta gane.

Kokenmu na farko shi ne an bar suna ɗaya ya rufe abubuwa da dama waɗanda ba su da haɗi sai ta fuskar girgiza. Akwai faifan da yaro ke tsayawa a kai ya girgiza jikinsa gaba ɗaya, wanda ake amfani da shi ga yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin gaɓoɓi da masu raunin ƙashi, kuma likitocin yara a birnin Kolon na Jamus sun daɗe suna aiki da shi cikin tsari. Akwai rigar da ke bubbuga ƙirji domin ta sassauto majinar da ta daskare a huhu, wadda Warren Warwick da Leland Hansen suka ƙirƙiro a Jami'ar Minesota ta Amurka saboda masu cutar sistik faiburosis, wata cutar gado da ke sa majina ta yi kauri, tana kaɗawa daga sau 5 zuwa kimanin sau 20 a sakan ɗaya. Akwai ƙananan na'urorin da ake ɗorawa a maƙogwaro da nufin sassauta tsokokinsa, irin su Novafon ta Jamus mai kaɗawa sau 50 ko 100 a sakan. Sannan akwai bindigar tausa ta 'yan wasanni, wadda kanta ke shiga da fita har zurfin milimita 10 zuwa 16, kuma an yi ta ne domin kaurin tsokar cinya da ta gadon baya. A idon uwar da ke neman sauƙi wa ɗanta duk waɗannan "na'urar jijjiga" ce, kuma idan ta ji cewa asibiti na amfani da ta farko da ta biyu, sai ta ɗauka ta huɗun ma ta halatta. Ku kun san cewa jijjiga tana da awo kamar yadda ƙwayar magani take da shi: saurin kaɗawa, da zurfinsa, da tsawon lokaci, da wurin da aka ɗora. Mu ba a taɓa gaya mana haka ba.

Koke na biyu ya shafi halittar yaron kansa, kuma a nan nake roƙon ku yi haƙuri in tsawaita, domin shi ne abin da da na san shi tun farko da ban taɓa ɗaukar na'urar nan ba. Tantanin muryar jariri bai wuce milimita 3 ba a tsawo, alhali na namiji baligi yana kaiwa milimita 17 zuwa sama da 20. Bambancin kuma bai tsaya ga tsawo ba. Binciken Minoru Hirano na Jami'ar Kurume ta Japan, da na waɗanda suka biyo bayansa, ya nuna cewa tantanin muryar babba hawa-hawa ne, akwai shimfiɗa mai laushi a sama wadda ke kaɗawa, akwai jijiya mai tauri a ƙarƙashinta, sannan tsoka. Jariri ba a haifarsa da wannan tsari. Jijiyar tana fara bayyana ne a shekarun farko na rayuwa, kuma shimfiɗun ba sa gama rarrabuwa su nuna sai a wajajen balaga. Maƙogwaron yaro yana zaune sama a wuya fiye da na babba, yana saukowa a hankali yayin da yake girma, guringuntsinsa kuma mai laushi ne, ba ya fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi sai bayan balaga. Hanyar iskar da ke ratsa shi ƙunci gare ta, ta yadda kumburin da babba ba zai ko lura da shi ba yana iya sa yaro numfashi da ƙyar.

Ko a wajen kaɗawa ma ba ɗaya suke ba. Idan yaro ɗan firamare yana magana, tantanin muryarsa na kaɗawa kimanin sau 250 zuwa 300 a sakan, na mace baliga kimanin sau 200, na namiji baligi kuwa tsakanin 100 da 130. Ma'ana gaɓar da ta fi kowace shan karo a jikin yaro ita ce wannan, tun kafin a ƙara mata wata girgiza daga waje, kuma tana shan karon ne tana tsakiyar ginuwa. A lokacin balaga muryar yaro namiji takan faɗo da kusan rabi, maƙogwaron ya yi girma cikin sauri, tsokokin suna ta koyon sabon aiki. Duk wanda ya ɗauki awon da aka tsara domin wuyan mawaƙi ɗan shekara 35 ya ɗora a kan wannan gaɓa, ba tare da an gwada an gani ba, caca yake yi da abin da ba nasa ba.

Wannan ya kawo ni ga koke na uku, wato hujjar da masu talla ke kafawa. Ba mu musun cewa akwai ilimi a bayan al'amarin. Tun a 1966 masanan Suwidin biyu, Eklund da Hagbarth, suka bayyana yadda jijjiga ke tayar da na'urorin ji da ke cikin tsoka har ta ɗaure da kanta, kuma daga irin wannan fahimta aka gina tunanin cewa jijjiga mai awo na iya sauya yadda tsokokin maƙogwaro ke riƙewa da sakewa. David Ley, malamin murya na 'yan wasan kwaikwayo a Jami'ar Alberta ta Kanada, ya yi suna da dabarar ɗora ƙaramar na'ura a wuya da muƙamuƙi domin sassauta murya. A Jami'ar Minesota kuma an gwada jijjigar maƙogwaro ga masu lalurar da ke sa tsokokin murya su riƙa ƙamewa da kansu. Sai dai mutanen da aka yi waɗannan ayyuka a kansu manya ne, 'yan wasa da mawaƙa da marasa lafiya baligai, waɗanda suka san yadda muryarsu take a da, kuma suna iya cewa "tsaya, ya yi zafi" ko "nan ne ya ɗaure". Yaro ɗan shekara 5 zai ce yana jin cakulkuli ne kawai ya yi dariya. Ku lura kuma cewa abin da Eklund da Hagbarth suka gani ɗaurewar tsoka ce, ba sakewarta ba, wanda ke nuna cewa jijjiga na iya ja ta kowane ɓangare gwargwadon yadda aka yi ta. Mai talla ba zai faɗi wannan ba, domin ba ya sayar da kaya.

Koke na huɗu shi ne mafi nauyi a wurina, domin illar da ta fi kusa da mu ba ta na'urar kanta ba ce, ta jinkirin da take haddasawa ce. Dishewar murya ba baƙuwa ba ce a tsakanin yara. A wani babban bincike da aka yi a yankin Biristol na Ingila, wanda aka buga a 2006, an saurari muryar yara fiye da 7,000 'yan shekara 8, masana suka samu matsala a kashi 6 cikin 100, iyaye kuwa suka ba da rahoton kashi 11. Mafi yawan dishewar da ta daɗe a yara kanta ce ke jawo ta, irin wadda aka gani a maƙogwaron ɗana, tana fitowa saboda yawan ihu da tilasta murya, kuma ta fi yawa a yara maza. Kanta ba ta kisa. Amma akwai abin da ke zuwa da irin wannan dishewar sak, wato tsiron fafiloma da ƙwayar cutar HPV nau'i na 6 da na 11 ke haddasawa, wanda ke yaɗuwa a maƙogwaro har ya toshe hanyar iska idan ba a cire shi ba. Akwai shanyewar tantanin murya na gefe ɗaya, musamman ga yaran da aka yi wa tiyatar zuciya ko aka daɗe da zura musu bututun numfashi suna jarirai. Akwai ƙwarnafi da ke ƙona maƙogwaro, akwai kuma maganin shaƙa na asma da kan dusar da murya. Kunnen uwa ba zai iya bambanta waɗannan ba, kuma ko kunnen ƙwararre yana buƙatar ido ya tabbatar masa.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2018, ta rage wa'adin jira daga wata uku zuwa mako huɗu: idan dishewa ba ta washe ba a cikin wannan lokaci a leƙa maƙogwaro, kuma kada a fara ko da horon murya sai an leƙa. Idan horon murya, wanda ba a taɓa wuyan yaro da inji a cikinsa, yana buƙatar a fara dubawa, ina ga na'urar da ake dannawa a kan zakaran wuya? Na'urar tana ba da ɗan sauƙi na mintuna, sauƙin kuma ya kwantar wa iyaye da hankali, mako huɗu ya zama wata huɗu. An bar jaki ana dukan taiki. Ni na yi sa'a kanta ce. Wata uwa daga cikin waɗanda nake magana da yawunsu ba ta kai 'yarta ba sai da numfashin yarinyar ya fara ƙara da dare, aka samu tsiro, aka shiga da ita tiyata a gaggauce.

Koke na biyar gajere ne, domin kun fi mu saninsa. Wuya ba cinya ba ne. A gefe da gefen maƙogwaro manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke bi, kuma a jikinsu akwai wani wuri da idan aka danna shi bugun zuciya kan ragu har mutum ya suma. A 2022 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 27 da bangon jijiyar wuyanta ya tsage bayan ta riƙa amfani da bindigar tausa a wuya. Tarayyar Turai tun a 2002 ta kafa iyakar jijjigar da ma'aikaci baligi zai iya sha a wurin aiki a rana guda. Abin mamaki ne a ce direban tarakta yana da doka mai kare shi daga girgiza, amma a sayar wa iyaye na'ura ba tare da ko layi ɗaya a jikin kwalinta da ke maganar wuyan yaro ba.

Sai kuma yaran kashi na biyu, masu riga da masu faifai. Ina so a fahimce ni da kyau, ba mu ce a dakatar da maganinsu ba, kuma duk uwar da ta ga yadda ƙirjin ɗanta ke washewa bayan zaman riga ba za ta yarda a raba ta da ita ba. Mun kuma san cewa rawar da murya ke yi yayin da rigar ke aiki iska ce ke fitowa guntu-guntu, kuma tana tsayawa da zarar an kashe injin. Yara ma wasa suke mayar da ita. Damuwarmu tana wani wuri. Waɗannan yara suna zama a cikin rigar minti 20 zuwa 30, galibi sau biyu a rana, shekara da shekaru, ana dakatawa a tsakani su yi tari mai ƙarfi domin fitar da majina, suna ɗaga murya domin a ji su a kan ƙarar injin, da yawansu kuma suna shaƙar magunguna a lokaci guda. Tari mai ƙarfi da ɗaga murya da maganin shaƙa duk sanannun abubuwa ne masu wahalar da tantanin murya. Yaran da ke kan faifai kuma da dama daga cikinsu dama can suna da rauni a numfashi da furuci saboda lalurarsu. Ana auna ƙarfin huhunsu, ana auna nauyinsu da ƙarfin ƙashinsu da tafiyarsu, amma iyayen da nake wakilta sun shaida cewa ba a taɓa tambayarsu yadda muryar take ba. Idan ta sauya, ta gyaru ko ta lalace, babu wani ma'auni na farko da za a koma a kwatanta da shi. Alhali kayan aunawar suna nan: tun a 2007 aka fitar da takardar tambayoyi 23 da iyaye ke cikewa game da yadda matsalar murya ke shafar rayuwar yaro, kuma naɗar muryar yaro na rabin minti a waya ba ya buƙatar wani tanadi.

A aji nake ganin abin da wannan sakaci ke jawowa. Yaron da muryarsa ba ta fita yakan daina ɗaga hannu, ya ƙi karatu a bayyane, a wasa kuma a bar shi baya domin ba a jin kiransa. Malamai kan ɗauka kunya ce ko taurin kai.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, bayan duk wannan wahala, jijjigar da ta taimaki ɗana ta cikin jikinsa ce, ba ta inji ba. Ƙwararriyar horon murya da aka tura mu wurinta ta koya masa ya rufe baki ya yi "mmm" har ya ji leɓɓansa da hancinsa suna kaɗawa, ya riƙa kaɗa leɓɓa kamar mai kwaikwayon ƙarar babur, ya kuma fitar da murya ta siririn bututu a cikin kofin ruwa har ruwan ya yi kumfa, dabarar da masanan murya na ƙasar Finland suka bunƙasa tun a shekarun 1960. Matsin iskar da ke komowa baya yana rage ƙarfin karon tantanin, kuma yaron ne da kansa ke riƙe da awon, idan ya gaji ya tsaya. Ta haɗa masa da shan ruwa da rage ihu da daina yawan gyaran murya mai kankare maƙogwaro. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji a kan yara 114 masu kanta, 'yan shekara 6 zuwa 10, inda aka kwatanta horon murya kai tsaye da koyar da kula da murya kawai, kuma ɓangarorin biyu duk sun samu ci gaba. Ga hanya nan da aka gwada a kan yara, amma ba ita ke zuwa wayoyinmu ba.

A kan haka muke gabatar da buƙatunmu. Muna roƙon ƙungiyoyinku su haɗu su fitar da matsaya guda a rubuce, cikin harshe mai sauƙi kuma a harsunan da iyaye ke ji, wadda za ta bambanta nau'o'in jijjigar nan, ta ce ƙarara kada a ɗora kowace na'ura a gaba ko gefen wuyan yaro sai da umarnin ƙwararre kuma bayan an leƙa maƙogwaro, ta kuma sanar da wa'adin mako huɗu. A cikinta a lissafa alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: numfashi mai ƙara, da wahalar haɗiya, da shaƙewa yayin ci ko sha, da kukan jariri da ya fito a dishe tun haihuwa.

Ga hukumomin sa ido, muna neman a tilasta wa masu ƙera waɗannan na'urori su rubuta saurin kaɗawa da zurfinsa a jikin kwali, tare da shekarun da aka gwada na'urar a kansu, kuma a hana duk tallar da ke cewa na'ura na maganin dishewar muryar yara matuƙar ba a gabatar da gwajin da aka yi a kan yara ba. A buɗe wata hanya mai sauƙi da iyaye za su kai rahoton illa, domin a yanzu idan wani abu ya faru ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Ga likitocin huhu da na gashin ƙashi, muna roƙon a sa murya cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ɗora yaro a kan riga ko faifai, a naɗe ta a ajiye, a sake saurara a duk lokacin da ake bitar lafiyarsa, kuma a koya wa yaran yin shiru ko magana a hankali yayin da injin ke aiki, da yadda za su fitar da majina ta hanyar huci mai ƙarfi maimakon tari mai kankare maƙogwaro inda hakan zai yiwu.

Ga masu bincike a cikinku kuma, idan kuna ganin jijjigar maƙogwaro na da amfanin da ya cancanci a kai shi ga yara, to a gwada shi a fili, ƙarƙashin kwamitin ɗa'a, da amincewar iyaye da yardar yaron kansa, a raba yaran gwargwadon shekaru domin ɗan shekara 6 da ɗan shekara 13 ba maƙogwaro ɗaya gare su ba, a bi su har bayan balaga, sannan a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ranar 16 ga Afrilu ita ce Ranar Murya ta Duniya, wadda ta samo asali daga Barazil a 1999, kuma muna fatan kafin ta sake zagayowa matsayarku ta iso hannunmu, domin mu kai ta makarantu da ɗakunan jiran asibiti da kanmu.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa kuma malamar firamare, a madadin iyayen da suka amince da wannan wasiƙa.